NAKIYA DA MAƘWABTAKA: FASA DUTSE A KUSA DA GARI



Na sani da aka liƙa sanarwar wannan lacca akwai waɗanda suka tsaya suka sake karantawa, suna zaton magatakarda ne ya yi kuskure ya haɗa sunan malamin Hausa da kan maganar injiniyoyi. To, ba kuskure ba ne. Ni dai ban taɓa riƙe nakiya da hannuna ba, ba na kuwa fata. Abin da ya jawo ni cikin wannan magana bangon ɗaki ne, ɗakin wata gwaggona da ke aure a wani ƙauye a gindin dutse.

Wani kamfani ne ya sami kwangilar hanya, ya kafa injin niƙa tsakuwa a bayan ƙauyen, ya shiga fasa dutsen. Ran da na je gaisuwa, ko ruwa ban gama sha ba Gwaggo ta kama hannuna ta kai ni ɗakinta, ta nuna mini wata tsaga da ta taso daga kusurwar ƙofa har ta kai ga azara. Ta ce, "Ɗan nan, an ce ka yi karatu har Ingila. To, karanta mini wannan." Kashegari aka yi taro a ƙofar gidan maigari, kamfanin ya aiko da wani saurayin injiniya, mai ladabi kuwa, riƙe da takarda cike da lambobi. Aka sa ni tafinta. Injiniya ya ce sun auna girgizar, ba ta kai iyakar da aka yarda da ita ba. Na mayar. Maigari ya yi shiru, can sai ya ce, "Malam, tambaye shi, wa ya yarda? Mu dai ba a tambaye mu ba." Injiniya ya shiga bayani, ni kuwa na shiga in'ina, domin rabin abin da ya ke faɗi ba ni da Hausarsa, alhali kuwa Hausar ce sana'ata. Taro ya watse ba wanda ya gamsu: su suna ganin an raina musu hankali, shi yana ganin ya faɗi gaskiya an ƙi ji. Kunyar wannan rana ita ta sa na koma na yi ta karatu da tambayar masu aikin, kuma abin da na tsinto shi na kawo muku yau.

Bari in fara ta inda na fi ƙarfi, watau kalma. Bahaushe ya daɗe da sanin albarushi, sunan ma daga Larabci ya aro shi, kuma maharba da 'yan bindigar sarki sun san ƙarfinsa. Ya kuma san fasa dutse tun kafin zuwan Bature: a hura wuta a kan fā har ya yi zafi, a kwara masa ruwa ya tsage, sa'an nan a bi shi da guduma. Amma da sabon abu ya zo, mai laushi, ƙunshe a takarda, sai Bahaushe ya kira shi nakiya, sunan abin zaƙin nan na shinkafa da zuma da a ke kai wa amarya cikin gara. Ga alama kama ce ta ido ta jawo sunan. Duk inda aka je da wuya a sami suna mai daɗi haka a kan abu mai ban tsoro haka.

Ita nakiyar fasa dutse ba tsohuwa ba ce ƙwarai. A 1831 wani Bature mai suna William Bickford ya ƙago lagwanin da ke ci a hankali, don mai kunnawa ya sami damar gudu. A 1867 Alfred Nobel, mutumin Suwidin wanda a ke ba da kyautar nan da sunansa, ya yi rajistar dinamet. Daga wajen tsakiyar shekarun 1950 kuma aka koma ga wani haɗi mai araha, wanda har yanzu shi aka fi amfani da shi a manyan ramuka: sinadarin amoniyam naitiret, wanda a ke yin takin zamani da shi, a cuɗa shi da ɗan man gas. Da irin waɗannan a ke fitar da tsakuwar da ke ƙarƙashin kwaltar da kuka biyo kuka zo nan, da dutsen da ke cikin kankaren wannan zaure, da zinariya da ƙarfe da kwal na ƙasashen duniya. Saboda haka kada wani ya tsammaci zan ce a daina. Wanda ya ce a daina fasa dutse, sai ya fara komawa kan jaki.

To, yaya a ke yi? Ana huda ramuka a jere a bayan fuskar dutsen, kamar yadda manomi ke saran shuka. A zuba nakiya a kowane rami, a sa mata ɗan ƙaramin abin da ke tayar da ita, wanda ni zan kira shi ƙyastu, sa'an nan a toshe bakin ramin. Idan ta tashi, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba sai ta zama iska mai tsananin zafi da matsi, ta tsaga dutsen, ta tura shi gaba. Sai dai ba dukan ƙarfin ne ke tafiya ga aikin da aka sa shi ba. Wani ya bi ta ƙasa ya zama girgiza, wani ya bi ta sama ya zama bugun iska, wani ya ɗauki dutse ya yi jifa da shi, ga kuma ƙura da hayaƙi. A nan akwai abin lura wanda ya kamata masu kamfani su ji da kunnen basira: duk ƙarfin da ya isa ɗakin Gwaggo, ƙarfi ne da aka saya da kuɗi bai fasa dutse ba. Fashewar da ta fi damun gari, sau da yawa ita ce wadda ta fi yi wa mai ita hasara.

Girgizar ƙasa ita ce uwar gardama, don haka zan daɗe a kanta. Abubuwa biyu ne suka fi mallakar ƙarfinta: nisan da ke tsakanin rami da gida, da kuma yawan nakiyar da ta tashi a lokaci guda. Ku riƙe wannan kalma ta "lokaci guda", domin a nan dabarar ta ke. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san lugude. Mata uku ko huɗu a turmi ɗaya, kowace da taɓaryarta, wannan na ɗagawa wannan na saukewa. Hatsi yana dakuwa, turmi bai tsage ba, domin ba a taɓa samun taɓare biyu sun sauka tare ba. To, haka ƙwararren mai fasa dutse ke yi. Alal misali, a ce ramuka 40 ne, kowanne da kilo 50. In aka tashe su gaba ɗaya, ƙasa za ta ji dukan kilo 2,000. In kuwa aka sa wa kowane rami ƙyastu mai jinkiri, ya zama tsakanin rami da rami akwai kashi 25 cikin 1,000 na sakan, to ƙasa ba za ta ji fiye da dukan kilo 50 a lokaci guda ba, kuma duk aikin bai cika sakan ɗaya ba. Kunnen mutum zai ji kamar ƙara ɗaya ce mai ɗan tsawo, amma bango ya san bambanci. Dutsen ma ya fi fasuwa da kyau, domin kowane rami yana buɗe wa na bayansa hanya. A al'adar masu aikin, in tazarar ta kai kashi 8 cikin 1,000 na sakan ana lissafa su a matsayin duka dabam dabam. A yau akwai ƙyastu na lantarki wanda a ke tsara masa lokaci da na'ura, kuskurensa bai taka kara ya karya ba. Ni a ganina wannan dabara ba ta bukatar wani suna na aro; luguden nakiya ya ishe ta.

Shi kuwa nisa, lissafinsa ba na kai-tsaye ba ne. Idan fuskar dutsen ta matso har nisan da ke tsakaninta da gari ya ragu da rabi, ba rabin nakiya za a rage ba. Sai an mai da ita kashi ɗaya cikin huɗu kafin girgizar ta tsaya inda ta ke a da. Kamfani da yawa sun fara aiki lafiya da maƙwabtansu, shekara ta bi shekara rami yana cin dutse yana matsowa, awon nakiya kuwa yana nan yadda aka saba.

Bugun iska kuma shi ne abin da mutane suka fi ji, suna ɗauka girgizar ƙasa ce. Wani sashe nasa kunne ba ya kama shi, amma shi ke kaɗa rufin kwano, ya girgiza taga, ya tashi jariri daga barci, ya sa kaji su watse. Yakan yi tsanani in an bar igiyar nakiya a fili ba a rufe ta da ƙasa ba, ko in toshin bakin rami bai isa ba, ko kuwa in an ɗora nakiya a kan wani ƙaton dutse da ya ƙi fasuwa aka tashe ta a sarari, maimakon a sa injin guduma ya farfasa shi. Yanayi ma yana da hannu. Da sassafe, musamman cikin hunturu, iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa mai ɗumi ta rufe ta daga sama kamar faifai a bakin ƙwarya, sai ƙarar ta dawo ƙasa ta sauka a wuri mai nisa. Haka nan in hadari ya yi ƙasa-ƙasa, ko iska tana busawa wajen gari. Da rana tsaka abin ya fi sauƙi.

Toshin nan da na ambata kada ku raina shi. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce tsawonsa ya kai ninki 20 zuwa 30 na faɗin ramin, watau ramin da faɗinsa santimita 10 ne yana son toshin mita 2 zuwa 3, kuma da tsakuwa mai kaifi wadda ke cijewa, ba da garin dutsen da ya fito wajen huda ba, wanda ke fita fit kamar toton kwalba. Ragon toshi shi ke haifar da jifa, jifa kuwa ita ce ke kisa nan take. Girgiza tana tsaga bango, amma dutse mai girman kan mutum da ya taso daga rami ya faɗo ta rufin makaranta ba ya jiran a kafa kwamiti. Maganinsa a auna kaurin dutsen da ke gaban kowane rami kafin a zuba nakiya, a juya fuskar aikin ta ba gari baya, in wuri ya matse a lulluɓe da tabarmar tsofaffin tayoyi. Hayaƙi kuma, in kun ga ya tashi ja-ja kamar ruwan goro, guba ne mai cin huhu, kuma yawanci alama ce ta ruwa ya shiga ramin ya ɓata haɗin, abin da ya fi faruwa da damina. Akwai nakiya mai kauri wadda ruwa ba ya ɓatawa. Ƙurar dutse irin namu kuwa tana ɗauke da sinadarin silika, wanda ke taurara huhu a hankali cikin shekaru, ba ya kuwa warkewa. Ruwa shi ne babban maganinta: a huda da ruwa, a yayyafa wa hanya da tarin tsakuwa.

Duk wannan sananne ne ga masu aikin. Yanzu sai mu koma ga tambayar maigari: wa ya yarda?

Ana auna girgiza da saurin motsin ƙasa, milimita nawa a sakan. Ba nisan da ƙasa ta gusa a ke nufi ba, domin sau da yawa gusawar kanta ba ta wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba. Saurin kai-da-komowar a ke nufi. Jikin mutum yana jin ta tun ba ta kai milimita 1 ba. Lambar da aka fi yawo da ita a duniya ta fito ne daga wani rahoto na Hukumar Ma'adinai ta Amurka na 1980, inda aka auna gidaje 76. Rahoton ya ce in girgizar mai kaɗawa a hankali ce, kada ta wuce milimita 12.7 ga tsofaffin gidaje masu yaɓe, ko 19 ga sababbi; in kuwa mai kaɗawa da sauri ce, fiye da sau 40 a sakan, ana iya kaiwa wajen 50. Dalilin bambancin shi ne kowane gini yana da nasa kaɗawar, yawanci sau 4 zuwa 12 a sakan, in girgizar ƙasa ta dace da ita sai ginin ya amsa, kamar yadda lilo ke ƙara nisa in an tura shi a kan kari. Jamusawa sun fi tsanantawa: milimita 5 ga gidajen zama, 3 ga tsofaffin gine-gine masu rauni. A Ostareliya, shawarar da hukumomin muhalli suka bayar a 1990 ita ce milimita 5 ga fashewa 95 cikin 100, kuma kada ko ɗaya ta wuce 10. Ghana, a dokarta ta nakiya ta 2012, ta tsaya a milimita 2.

Kun ga ke nan "iyakar da aka yarda da ita" ba ɗaya ba ce. Daga 2 har 50, kowa da tasa, kuma injiniya yana iya faɗin gaskiya tsantsa alhali ya zaɓi lambar da ta fi yi masa daɗi. Daɗin daɗawa, gidajen nan 76 na Amurkawa ne, yawancinsu na katako, masu sauƙin rufi, masu lanƙwasa su miƙe. Babu soro ko ɗaya a cikinsu, babu shigifa, babu rumbu. Ginin tubali kuwa halinsa dabam ne. Yana ɗaukar nauyi daga sama ƙwarai da gaske, shi ya sa ya ke riƙe azara da tulin ƙasar rufi shekara da shekaru, amma ba ya jure ja ko girgiza ta gefe, kuma rauninsa yana kusurwa da kan ƙofa, daidai inda tsagar Gwaggo ta fito. Bulon da a ke bugawa a ƙauyukanmu ma, wanda buhun siminti ɗaya ke haifar da abin da ya fi ƙarfinsa, bai fi tubalin ƙarfi da yawa ba. Ra'ayina, kuma ra'ayi ne na malamin Hausa, sai injiniyoyin da ke nan su gyara mini, shi ne duk inda ginin ƙasa ya ke a kusa da rami, a ɗauke shi cikin ajin gine-gine masu rauni, a yi aiki da ƙaramar lamba, ba babba ba.

Amma adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen. Ba kowace tsaga ce ta nakiya ba. Bangon ƙasa yana tsagewa don ruwa ya ci gindinsa, ko gara ta cinye azara, ko an yi shekara uku ba a yi yaɓe ba. Masu bincike sun sa ma'auni a kan tsaga sun ga zafin rana da sanyin dare suna buɗe ta su rufe ta fiye da yadda ƙaramar girgiza ke yi. Na kuma san halinmu: ran da aka ji kamfani zai biya diyya, har bangon da ya faɗi tun zamanin kaka sai a tuna da shi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to a wannan sha'ani ƙadangarun ta fuska biyu su ke shigowa, akwai na kamfani, akwai na gari.

Abin da ke rufe wannan ƙofa abu ne mai sauƙi, kuma an daɗe da yin sa a wani wuri. Dokar Amurka ta 1977 a kan haƙar kwal a fili ta ba duk wanda gidansa ke cikin rabin mil daga wurin aikin ikon ya nemi a zo a duba gidansa kafin a fara fashewa, a rubuta kowace tsaga da halin rijiyarsa, a ba shi kwafi. Ta kuma wajabta a sanar da maƙwabta jadawalin fashewa, a ajiye bayanin kowace fashewa har shekara 3 don mai son dubawa. Da an yi wa ɗakin Gwaggo haka, da taron ƙofar gidan maigari bai ɗauki minti goma ba: a ɗauko hoton da, a dubi bangon yau. A zamanin da kowane saurayi ke da na'urar ɗaukar hoto a aljihu, ban ga abin da zai hana a bi gida gida a yi wannan cikin mako guda ba, a gaban mai unguwa, a auna har zurfin ruwan rijiya da rani da damina, domin rijiyar da ba a ɗaure ta ba ita ma abar ƙorafi ce kullum.

Mu ɗauki misalin da yawancinku kuka sani. Mpape unguwa ce a kan tudu bayan Maitama, kuma daga duwatsunta aka fasa tsakuwa mai yawa ta ginin Abuja. Da birni ya cika, kuɗin haya ya gagari talaka, sai leburori da direbobi da ƙananan ma'aikata suka yi ta hawa tudun suna gini, har gida ya zo ya yi maƙwabtaka da rami. A watan Satumba na 1918... a'a, ku gafarce ni, na 2018, ƙasa ta yi ta motsi a Mpape da kewayenta kwanaki a jere, mutane suka fito daga ɗakuna cikin tsoro. Zargin farko a kan masu fasa dutse ya faɗa, hukuma ta dakatar da aikinsu na wani lokaci. Kwamitin masana da gwamnati ta kafa kuwa ya fi karkata ga motsin duwatsun ƙarƙashin ƙasa da yawan haƙa rijiyoyin burtsatse. Ni abin da na ɗauka a nan shi ne mutanen da suka shekara suna jin ƙasa na rawa a ƙarƙashinsu ba su da wata takarda a hannunsu da za su duba su ce yau an yi fashewa ko ba a yi ba. Dokar muhalli ta 2013 a kan fasa dutse, wadda hukumar NESREA ke kula da ita, ta sa tazarar kilomita 3 tsakanin wurin fasa dutse da mazaunin jama'a. To, in ramin ne ya riga zuwa, gari ya biyo shi, wa zai tashi? Wannan ba tambayar injiniya ba ce, ta masu raba filaye ce, kuma amsarta ita ce a shata fili a kewaye da rami tun ran da aka ba da lasisi, a hana gini a ciki, a kuma tsare hanin.

Dokoki dai muna da su. Akwai Dokar Nakiya ta 1964, akwai ta auna tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992, akwai Dokar Ma'adinai ta 2007. Wannan ta ƙarshe ta wajabta wa mai lasisin haƙa ko na fasa dutse ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da jama'ar wurin kafin ya fara aiki, a kuma sake duba ta duk shekara 5. Abin da na lura shi ne in an zauna wannan zama, magana takan tsaya a kan rijiyar burtsatse da ajin makaranta da guraben leburori. Duk suna da kyau. Amma a nan ne ya kamata a rubuta lambar girgizar da ba za a wuce ba, da inda za a kafa ma'aunin, watau a gindin gidan da ya fi kusa, ba a ƙofar ofishin kamfani ba, da sunan ɗan gari wanda za a koya wa karanta shi, ko malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti. A liƙa sakamakon kowace fashewa a zauren maigari, da boko da ajami. Yarjejeniyar da aka rubuta da Turancin lauyoyi, aka ba dattijo ya dangwala yatsa, sunanta kawai yarjejeniya.

Lokacin fashewa ma abin shawara ne, kuma a nan mutanen gari sun fi injiniya sani. Su suka san ranar kasuwa, da sa'ar da yara ke tashi daga makaranta su bi ta gindin dutse, da lokacin da mata ke zuwa itace, da burtalin da Fulani ke bi. Sa'a ɗaya tsayayya, wadda kowa ya sani, ta fi rage firgita a kan kowace dabara, gama abin da ya zo ba zato shi ke tsinka zuciya. Jiniya kuma harshe ce, sai an yi ittifaƙi a kan ma'anarta: wace busa ce ta shiri, wace ce ta tashi, wace ce ta an gama. Jan tuta da allon gargaɗi ba su isa makiyayin da ya sauka jiya ba; a tura mutum a kan babur ya kewaya, a sa mai shela. A kuma gaya wa yara a makaranta da bakin da su ke ji cewa in sun tsinci ɗan ƙarfe mai kama da marfin alƙalami da waya a gindinsa, kada su taɓa, domin ƙyastun da bai tashi ba yana iya raba yaro da yatsunsa.

Ɗaukar nakiya da ajiyarta babi ne mai zaman kansa, zan taɓa shi kawai. A ran 20 ga Janairu 2022 motar da ke kai nakiya wata mahaƙar zinariya ta yi karo da babur a ƙauyen Apiate na yammacin Ghana, ta kama wuta, ta fashe, mutum 13 suka rasu, ƙauyen ya zama kufai. A ran 16 ga Janairu 2024 kuma nakiyar da aka ɓoye a wani gida a unguwar Bodija ta Ibadan ta tashi da dare, aka rasa rayuka, gidaje masu yawa suka rushe. Gwamnan jihar ya ce masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba ne suka ajiye ta.

Akwai kuma abin da ma'auni ba ya aunawa. A watan Mayu na 2020 kamfanin Rio Tinto ya fasa wasu kogunan dutse a Juukan, a yammacin Ostareliya, don faɗaɗa mahaƙar tama. An tabbatar mutane sun zauna a kogunan tun shekara 46,000 da suka wuce. Kamfanin yana da izinin hukuma a hannunsa, duk da haka abin ya jawo fushin da ya sa shugabansa ya sauka. Mu ma tarihinmu a kan duwatsu ya ke: Dala, da Kufena, da Turunku, da Kwatarkwashi, da zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu. Waɗannan sanannu ne, suna da masu tsaya musu. Amma kusan kowane ƙauye yana da nasa ɗan dutsen, inda aka fake lokacin yaƙi, ko inda kufan tsohon gari ya ke, wanda ba ya cikin taswirar kowa sai cikin bakin tsofaffi. Dokar 2007 ta hana aiki a wurin da jama'a ke girmamawa, sai dai doka ba ta san wurin ba sai an gaya mata, kuma tattara irin wannan labari aikin sashenmu ne da na Tarihi.

Wannan ya kawo ni ga roƙon da na zo da shi, Shugaba. Ina neman sashen Hausa da na injiniya da na kimiyyar ƙasa su zauna tare su fitar da ɗan littafi wanda bai wuce shafi 20 ba, da boko da ajami, mai bayyana abin da lambobin nan ke nufi, da abin da doka ta ba maƙwabcin rami, da samfurin takardar duba gida kafin fashewa. Kalmomin da na kawo yau, ƙyastu da toshi da jifa da luguden nakiya, shawara ce kawai. A kai su wurin leburorin da ke aikin, watakila suna da waɗanda suka fi su, in akwai a ɗauki nasu a bar nawa. Ɗalibanmu na shekarar ƙarshe da ke neman kan magana, ga shi nan a gindin dutsen garinsu.

Gwaggo kuwa, kamfanin ya gama hanyarsa ya kwashe injinsa, ya bar rami cike da ruwa. Jikokinta sun cike tsagar da ƙasa da ramno bayan damina, ba wanda ya biya ta ko kwabo, ba kuma wanda ya iya tabbatar da abin da ya tsaga bangon.

Shugaba, na ga lokaci ya ƙure, na kuma hangi injiniyoyi biyu a layin gaba sun cika takarda da rubutu.